Wata Bakwai Ina Mayar wa Kifin Balarabe Tsohon Ruwansa

Ni Kulu ba matafiyiya ba ce. Kafin wannan tafiya iyakata Ƙonni, ita ma sai in biki ko rasuwa ta kama, in tsallaka da safe in dawo kafin la'asar don kada kajina su rasa mai rufe su. Shekara ashirin ina dama kunu a ƙofar gidanmu a Illela, ban taɓa jin gari ya yi mini kaɗan ba. Sai Malam maigidana ya rasu, damina ta kayar da ɗaki biyu, wata Hajiya Tumba mai kai mata aikatau Libiya ta fara zama a tabarmata. Yadda na fito ba shi da daɗin faɗa, mu bar shi nan.

A Agadas aka fara nuna mini matsayina. Hajiya Tumba da ta yi rantsuwa cewa mota mai sanyi za ta kai mu har bakin ƙofar aiki, ta ajiye mu a wani kangon gida, ta gyara mayafi ta ce, "Ku dakata nan, in sawo kati in dawo." Har yau da nake ba ku labarin nan ba ta gama sayen katin ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi a gidan kafin wani mutum mai rawani ya zo ya ƙirga mu da sanda kamar awakin kasuwa, ya ce mu hau.

Motar buɗaɗɗiya ce. Kowa ya zauna a gefe, ƙafafu na reto, an kafa masa itace tsakanin cinyoyi ya riƙe. A rana ta huɗu ta mutu a tsakiyar rairayi, kwana biyu direba na kwance a ƙarƙashinta yana zagin ƙarfe. Jarkata ta ƙare. Aka koma rabon ruwa da murfin gora, murfi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ruwa mai warin fetur. Da na fara ganin gari yana juyawa, wata Bazabarma da ke gefena ta ɗaga kaina ta zuba mini nata murfin. Ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci. A Sabaha, cikin Libiya, aka raba mu, ko sunanta ban sani ba, amma kullum tana cikin addu'ata.

Sabaha kuwa ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai can aka cire mini 'yan kunne, wai ajiya. Daga nan aka lulluɓe mu da buhuna a bayan wata motar kaya, sai Turabulus.

Gidan da aka kai ni na wani attajiri ne mai sayar da tayil, sunansa Muftahu, amma ni a raina Mai Kifi nake ce masa. Ranar farko ya karɓi fasfona, ya ce kada ya ɓace. Matarsa tana ƙasar waje wurin 'ya'yansu, daga shi sai mahaifiyarsa, Hajja Mabruka, tsohuwa 'yar asalin Gat, can kudu. Da ta gan ni ta ce, "Sannu ɗiyata," da wata tsohuwar Hausa irin ta kakanni, sai da na zauna a ƙasa na yi kuka.

Na ɗauka shara da wanki aka kawo ni in yi. Ashe akwai sarauniyar gidan, a falo take. Akwatin gilashi ne, tsawonsa ya fi gadon aurena, cike da ruwan gishiri, fitila shuɗiya a samansa dare da rana tana canja launi. A ciki akwai duwatsu da wasu 'yan kifaye. Uwata 'yar Kalmalo ce, na san kifi. Na san tarwaɗa, na san karfasa. Waɗannan in ka haɗa su duka ba za su yi miyar mutum ɗaya ba. Akwai wani mai ratsin ja da fari, ko yatsana bai kai ba, Mai Kifi har suna ya raɗa masa, yana gaishe shi kafin ya gaida uwarsa. A bakin tafkin Kalmalo, masunci ya ɗago wannan a komarsa, sai an shekara ana yi masa dariya.

Duwatsun kuma wai masu rai ne. Ya nuna mini wasu abubuwa a jikinsu, wani kamar kunnen jaki, wani kamar ƙahon barewa, wani yana kaɗawa kamar gashin masara, ya ce murjani ke nan. Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen da kakata ke ratayawa a wuya, bai taɓa neman abinci ba. Wannan kuwa ana ba shi abinci da allura, ana auna masa zafi, in aka ɗauke wuta janareta na musamman ke tashi dominsa, ɗakin Hajja yana cikin duhu.

Sai ranar Alhamis ta zo, ya ce in tsaya in koyi babban aikina. Ya tsoma tiyo, ya janye bokiti shida na ruwa garau, wanda kana ganin fuskarka a ciki, ya ce in kai masai in zubar. Na ɗauka ban gane Larabcin ba ne. Ya maimaita da hannu. Daga nan ya kai ni banɗaki ya nuna mini wani inji mai tace ruwan famfo ɗigo-ɗigo, wanda ruwan da yake zubarwa a rariya ya fi wanda yake tarawa. A wannan tataccen ruwa za a auna wani gishiri da ake kawo masa daga Turai, a dama, a cika akwatin. Kowace Alhamis. Teku kuwa ga ta can, daga saman bene ana hango ta, cike da ruwan gishiri na kyauta har iyakar ido. Na nuna masa. Ya yatsina fuska ya ce wancan ƙazanta ce.

Na zubar da bokiti shidan nan ranar. Ni da a Illela nake jiran mai kura in sayi jarka biyu in yi kwana da su, in wanke shinkafa in ba awaki ruwan. Ni da wata biyu da suka wuce na lashe murfin gora. Da na juye na ƙarshe na tsaya ina kallon ramin masai, na ce Allah ka gani, sa ni aka yi.

Alhamis ta biyu yana shago. Na janye bokiti shida kamar yadda ya koya mini, ina bin ƙasan akwatin da bakin tiyo ina tsotso dattin da ya kwanta tsakanin duwatsu. Sai na yi abin da kowace mace a garinmu take yi wa ruwan rijiya da damina. Na bar shi a baho ya kwanta. Na shimfiɗa farin kallabina a bakin bokiti na tace. Laka da kashin kifi da suka rage ko kwano ɗaya ba su cika ba, su na zubar. Sauran na mayar inda na ɗebo shi. Abin da ya ragu kullum saboda zafi kuwa, dama shi ya ce in cika da tataccen ruwa marar gishiri, wannan ko bai faɗa ba na sani, miya in ta tsotse ruwa ake ƙara mata, ba gishiri ba.

Saura gishirin Turai. In bai ragu ba zai gane, zubar da gishiri kuma ban ga an yi a gidanmu ba. Sai nake ɗibar awon kowane mako in zuba a buhun shinkafa in tura ƙarƙashin gadona.

A mako na huɗu Hajja Mabruka ta riske ni, kallabi a hannu, ruwa na ɗiga.

Ta ce, "Ɗiyata, mi kike yi?"

Na ce, "Hajja, tacewa nake."

Ta dubi bahon, ta dubi akwatin, ta dube ni. Sai ta dafa bango tana dariya marar sauti har hawaye. Ta ce ita da ta girma tana tafiyar yini zuwa rijiya, ta haifi ɗan da ke yi wa kifi wanka. Ta kunce bakin mayafinta ta ba ni dabino uku. Daga ranar, duk Alhamis ita ke zama a bakin taga tana duba mini hanya.

Kowace Juma'a bayan masallaci ƙanin matarsa yake zuwa cin abinci, wani likitan haƙori mai sanƙo. Shi ma yana da nasa akwatin a gidansa. A bakin mutanen nan biyu na koyi Larabci, don magana ɗaya suke yi duk mako, kamar karatun allo. Likita ya ce canjin ruwa dabarar masu sayar da gishiri ce, mai ilimi ba ya yi, shi shekararsa biyu bai canja ba, magunguna kawai yake ɗigawa daga kwalabe. Mai Kifi ya ce wanda bai canja ruwa duk mako ba, a masai yake kiwon kifinsa. Likita ya ciro waya ya nuna wani Bature da ya ce kaza. Mai Kifi ya ciro tasa ya nuna wani Baturen da ya ce ba haka ba. Manya biyu da furfura, shayi na hucewa, kuskus na sandarewa, jijiyar wuya ta tashi. A ƙarshe Mai Kifi ya ja shi gaban gilashi ya ce, "Dubi! Dubi yadda suka buɗe! Wannan albarkar bokiti shida ce." Ni kuwa ina kwashe kwanuka, ina cizon leɓe.

Kuma gaskiya sun buɗe. Mai kama da kunnen jakin nan har ya haihu. Amma kada in yi muku ƙarya, ba ko da yaushe tacewa ke isa ba. Duk Alhamis nakan zuba kaɗan a farin daro in kai hasken taga in duba, in sunsuna. A wata na uku na ga ya yi rawaya-rawaya kamar ɗaurayar shayi, wari ya canja, mai ƙahon barewa ya fara kodewa a baki. Ruwa ya gaji, yadda na randa yake gajiya ko ka rufe ta da faifai. Ranar na dama sabo sosai na zuba musu, tsohon kuma na wanke tsakar gida da shi. A wata na shida na sake. Sau biyu ke nan a wata bakwai. Ba wani Bature da ya gaya mini, hanci gare ni.

Ina wata na shida a gidan, ƙanwata Luba ta kira a wayar Hajja daga Tozai.

Ta ce, "Yaya, cikin ɗiyarki ya shiga wata bakwai. Wa za shi yi mata wanka?"

'Yata ta fari take nufi, wadda na aurar a Garu kafin in taho. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san ta fari ce.

Na ce, "Ke ina kike?"

Ta ce, "Ni da bayan ga da ba ni iya ɗaukar tulu? Uwar mijin ta ce tunda babu uwa, ɗakinta za a haihu. Jiya na ishe yarinyar bayan rumbu tana kuka. Ta ce kar in hwaɗa miki."

A wurinmu haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Uwa ce ke hura wuta, ta tafasa ruwa da ganye, ta yi wa 'yarta wanka safe da yamma har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa. Wadda ta yi ta fari a gidan miji, marainiya ce. Ni kuwa ina raye, ina wanke wa kifi kashi.

Washegari na durƙusa gaban Mai Kifi na roƙi fasfona, na roƙi ya kai ni inda ake rubuta sunayen masu komawa gida, don baƙar mace ita kaɗai ba ta wuce shingen 'yan bindiga a garin nan. Bai ko juyo ba, yana ba murjani abinci. Ya ce, "Wa zai riƙe mini akwati? Mata uku na kora kafin ke, duk sun kashe mini. Hannunki na da albarka. Bayan shekara." Na bari mako biyu na sake roƙo. Ya ce in na ƙara, zai karɓe wayar Hajja. Ita ma ta yi masa magana, ya sumbaci goshinta ya ce ba ta gane ba ne.

Wato wayona ne ya ɗaure ni. Da na bi umarninsa kifin sun mutu kamar na sauran, da tuni ya jefa ni waje.

Kwana huɗu ina juya abin. In na faɗi gaskiya, zai iya kiran 'yan sanda ya ce na yi masa sata, kuma na ji labarin gidajen da ake tsare irinmu. In na yi shiru, jikana zai zo duniya a hannun wasu. Na yi tunanin in zuba musu omo in huta, amma bayin Allah ne su ma, ba su suka karɓe mini fasfo ba.

Ranar Juma'a aka fara karatun da aka saba. Likita ya ce dabarar 'yan kasuwa. Mai Kifi ya buga tebur ya ce, "Kulu! Zo ki gaya wa wannan jahilin bokiti nawa kike zubarwa duk Alhamis."

Na ajiye butar shayi, na ce ina zuwa. Na shiga ɗakina na jawo buhu ɗaya, na koma na jawo na biyu, na jingine su a ƙafar tebur na kunce baki.

Mai Kifi ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Gishirinka ne, Sidi. Na wata bakwai. Ko cokali ban ci ba."

Na gaya musu komai, baho da kallabi da farin daro. Sai Likita ya fashe da dariya, ya miƙe yana tafi, yana cewa, "Na faɗa! Na faɗa! Shekara biyu ina faɗa!"

Na ce, "Likita, zauna. Kai ma ba ka faɗi komai ba. Ranar da aka aike ni gidanka da abinci na ga naka. Kore shar, gansakuka har ta rufe gilashi, kududdufin bayan kasuwarmu ya fi shi haske. Ni ina kwashe datti duk mako, kuma sau biyu ruwan ya gaji na canja shi. Shi yana zubar da mai kyau don Alhamis ta yi, kai kana riƙe da ruɓaɓɓe don kada a ce ka bi shi. Cikinku ba wanda ya taɓa sunsuna ruwan."

Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba. Fuskar Mai Kifi ta yi ja kamar gauta, ya ɗauki waya ya ce yau zan kwana a hannun hukuma. Hajja Mabruka, da ba ta taɓa sa baki a zancen kifi ba, ta ce daga kujerarta, "Kira su. In sun zo sai ka gaya musu ta sace maka me? Ga gishirinka. Ko ka gaya musu wata bakwai kana taƙama da ruwan da ba ka san shi ba? Ni ma ka ce su tafi da ni, ni nake mata gadi."

Ya ajiye wayar. Ya je gaban gilashi ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai ce in tattara kayana. Sai ya juyo ya ce, "Ba inda za ki sai kin koya mini."

Alhamis uku na yi ina koyar da attajirin Turabulus aikin da 'yar shekara bakwai ta iya a Illela. Na sa shi ya naɗe wando ya durƙusa. Na ce ya tsotsi tiyo da baki yadda nake yi, ya tsotsa da ƙarfi ya cika baki da ruwan kifi, ya tashi yana kakari, Hajja na kwance a kujera don dariya. Ya kawo littafi wai in faɗa masa minti nawa ruwa ke yi kafin ya kwanta. Na ce har sai ya kwanta. Ya ce rawaya kamar yaya, lamba nawa? Na ce ka duba. Ya sayo wani tsumman tacewa mai tsada, ya ce bai yi kamar nawa ba, sai da na bar masa kallabina. Yana can, na tabbata, yana gaya wa Likita sirrin a kallabin yake.

A Alhamis ta uku ya miƙo mini fasfo ba tare da ya dube ni ba, ya sa direbansa ya kai ni inda ake rubuta sunayen masu komawa gida. Hajja ta rako ni har ƙofa tana dogara sanda, ta ce in gaida mata ƙasar Hausa. Sai kuma jira, don jirgin masu komawa ba ya tashi sai an cika. Kwana goma sha tara ina kwana a tabarmar wani zaure da mata fiye da ƙirga, ina lissafin wata da yatsu. A nan Luba ta same ni a wayar wata 'yar Zamfara, ta ce an sauka, namiji. Ranar suna ina zaune a kan jakata.

Jirgi ya sauke mu Kano, mota ta kai ni Sakkwato, wata ta kai ni Illela. Ban shiga gidana ba. Na hau kabu-kabu da jakata a ka, sai Garu. Na isa da hantsi, kwana tara da haihuwa. Uwar mijin, Inna Ai, tana bayan ɗaki ta sauke tukunya, ganyen dogon yaro a hannunta.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, mutanen Libiya. Sai yanzu? Mu mun ɗauka kin zama Balaraba."

Na ce, "Inna Ai, Allah shi saka miki, kin yi kwana tara. Saura talatin da ɗaya, nawa ne. Yau da marece za ni tahi da ita gida."

Ta ɗan murguɗa baki, sannan ta miƙo mini ganyen. Ta ce, "Ruwan da zahi, kar ki ƙona muna ita."

Yarinyar tana zaune a kan turmi a makewayi, ta ba ƙofa baya. Ta ji muryata tun daga waje, amma ba ta juyo ba, ni ma ban kira ta ba. Na tsoma ganye a tukunya na ɗago, tururi ya rufe mu. Can ta saci kallona, ta ce, tana kallon katanga, "An rame."

Na ce, "Duƙa mini."